Rufin Asirin Wa Muke Yi?



Akwai wata magana da ba mu cika son a ɗauko ta a majami'a ba, ko a taron dattawa ma sai an rage murya. Maganar ita ce, me ikilisiya take yi sa'ad da aka kawo mata labari cewa wani ma'aikacinta, ko fasto, ko firist, ko katikis, ko malamin makarantar Lahadi, ko shugaban mawaƙa, ya yi lalata da yaro ko yarinya, ko ya ci zarafin wanda ba shi da ƙarfin kare kansa? Wannan al'amari ya girgiza ɗarikar Katolika ƙwarai a faɗin duniya, har ya sa ta zauna ta rubuta doka dalla-dalla a kan abin da kowace dayosis za ta yi idan ƙara ta zo mata. Mun ga ya dace mu duba wannan doka tare, mu Katolika da ECWA da HEKAN da Angilikan da Baptis da sauranmu. Ba yatsa muke nuna wa kowa ba. Hausawa sun ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ra'ayinmu a fili yake. Rufin asiri haƙƙi ne na wanda aka cuta. Idan aka ɗauke shi aka lulluɓe macuci da shi, sunansa ya koma rufa-rufa, kuma kasancewarmu 'yan tsiraru a Jihar Kano ba zai wanke mu daga wannan laifi a gaban Allah ba.

Abin da shiru ya jawo

A watan Janairu 2002 wata jarida a birnin Boston ta Amurka ta tona cewa shugabannin Katolika na wurin sun daɗe suna samun ƙararraki a kan wasu firistoci, amma maimakon su dakatar da su, sai su yi ta canja musu wurin aiki daga wannan ikilisiya zuwa waccan. Mutum sama da 130 ne suka zargi firist ɗaya kawai. Kafin shekarar ta ƙare sai da Kadinal Bernard Law ya yi murabus, a 2003 kuma dayosis ɗin ta amince ta biya diyyar dala miliyan 85. Binciken da bishop-bishop na Amurka suka sa aka yi, wanda ya fito a 2004, ya ƙidaya firistoci 4,392 da aka zarga tsakanin 1950 da 2002, da mutum 10,667 da suka kai ƙara.

Ƙasar Ayaland ta aiko wa arewacin Nijeriya 'yan mishan masu yawa waɗanda muke tunawa da alherinsu, cikinsu har da Bishop Patrick Sheehan, bishop na farko na Dayosis ɗin Kano. Amma a can gida, a 2009, hukumar binciken da gwamnati ta kafa a kan Babbar Dayosis ta Dablin ta gano cewa shekara da shekaru abin da ya fi damun shugabanni shi ne su ɓoye magana, su kauce wa abin kunya, su kare sunan ikilisiya, su tsare dukiyarta. Lafiyar yaran ta zo daga baya. A Faransa kuma, rahoton da ya fito a watan Oktoba 2021 ya ƙiyasta cewa yara wajen 216,000 ne firistoci da sauran keɓaɓɓun ma'aikata suka ci zarafinsu daga 1950 zuwa 2020.

Mu lura da abu ɗaya. Yawancin shugabannin nan ba su ne suka taɓa yaran ba. Laifinsu shi ne sun ji, suka yi shiru, suna cewa sunan ikilisiya suke karewa. Ga shi sunan da suka so su kare ya ɓaci fiye da yadda zai ɓaci da a ce sun fito da gaskiya tun ranar farko.

Ba ciwon Turawa kaɗai ba ne

Wani zai ce wannan ai halin Turai ne. A watan Fabrairu 2019, sa'ad da Paparoma Francis ya tara shugabannin bishop-bishop na duniya a Roma domin wannan magana, 'yar Nijeriya ce, Sista Veronica Openibo, ta tsaya a gabansu ta ƙaryata wannan tunani, ta kuma tsawata musu a kan al'adar yin shiru. Tun a 1994 wata sista likita, Maura O'Donohue, ta rubuta rahoto a kan cin zarafin sistoci a ƙasashe 23, da yawansu a Afirka, amma duniya ba ta ji labarinsa ba sai a 2001. A nan Nijeriya, a 2010, Babban Bishop na Benin, Richard Burke, ya yi murabus bayan wata mata ta kai ƙararsa. Ya amsa cewa ya karya alkawarinsa na zama ba aure, ko da yake ya musanta cewa tana ƙarama abin ya faru.

Waɗanda ba Katolika ba kada su ce sun tsira. A 2022 wani bincike ya nuna yadda shugabannin babbar ƙungiyar Baptis ta Kudu a ƙasar Amurka suka yi shekaru suna watsi da masu kai ƙara. A watan Nuwamba 2024 Babban Bishop na Kantabiri, Justin Welby, ya sanar da murabus ɗinsa saboda maganar wani lauya mai suna John Smyth, wanda ya azabtar da samari a Ingila. Wasu shugabanni sun san abin da ya yi tun 1982, amma ba su kai shi gaban hukuma ba. A 1984 ya koma Zimbabuwe, ya ci gaba da tara samari a sansanin Kirista yana cutarsu. Shirun da aka yi a Ingila, 'ya'yan Afirka ne suka biya kuɗinsa.

Hanyar da doka ta shimfiɗa wa dayosis

Wudil tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Katolika ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, ta kuma haɗa jihohin Kano da Jigawa. Dokar da ke kanta ita ce ke kan kowace dayosis a duniya. A watan Mayu 2019 Paparoma Francis ya fitar da wata doka mai suna Vos estis lux mundi, wadda ta samo sunanta daga Matiyu 5:14, a 2023 kuma ya sabunta ta ya tabbatar da ita. Ga abin da ita da sauran dokokin ikilisiyar suka tanada.

Na fari, dole kowace dayosis ta kasance da ƙofar kai ƙara tsayayya, wadda jama'a suka sani, mai sauƙin samu. An ba dayosis-dayosis wa'adin shekara ɗaya, wato zuwa watan Yuni 2020, su kafa ta.

Na biyu, duk firist ko sista da ya sami labarin irin wannan laifi, wajibi ne ya sanar da shugabanni ba tare da jinkiri ba. Abin da aka ji a wurin furta zunubi ba ya cikin wannan.

Na uku, ba a yarda a tilasta wa mai kai ƙara ya yi shiru ba, ba a kuma yarda a tsangwame shi ko a rama a kansa ba. Ko ƙarar da ba ta da suna ba a jefar da ita haka kawai.

Na huɗu, wanda aka cuta da iyalinsa suna da haƙƙin a karɓe su da mutunci, a saurare su, a taimake su da addu'a da shawara da kuma magani na jiki da na hankali.

Na biyar, idan labarin yana da alamar gaskiya, bishop zai buɗe binciken farko. Wanda ake zargi ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma ana kiyaye mutuncinsa, amma bishop yana da ikon janye shi daga aiki har a gama. Idan firist ne kuma wanda aka cuta bai kai shekara 18 ba, ba bishop ne zai kashe maganar a ofishinsa ba, dole takardun su tafi Roma. Hukuncin yana iya kaiwa ga tuɓe mutum daga firistanci gaba ɗaya.

Na shida, shari'ar ikilisiya ba ta maye gurbin shari'ar ƙasa. Littafin jagora da Roma ta fitar a 2020 ya ce ko a inda dokar ƙasa ba ta tilasta ba, ya kamata a sanar da hukuma idan haka ne zai kare wanda aka cuta ko waɗansu yara. Tun a watan Disamba 2019 ma aka cire irin waɗannan shari'o'i daga cikin sirrin Paparoma.

Na bakwai, bishop da ya yi rufa-rufa shi ma ya shiga laifi. Ana iya kai ƙararsa Roma ko wurin babban bishop na lardinsa, wanda ga Kano shi ne Babban Bishop na Kaduna, kuma an tsara a gama binciken cikin kwana 90.

Inda dokar ba ta kai ba

Ba mu ce dokar nan ta cika goma ba. Har yanzu bishop ne ke binciken bishop ɗan'uwansa. Ba ta kuma ɗora wa kowace dayosis wajibcin kiran 'yan sanda a kowane hali ba. Hukumar da Paparoma ya kafa a 2014 domin kare yara ta faɗa a rahotonta na 2024 cewa sassa da yawa na Afirka ba su da isassun kayan aiki da ma'aikata na wannan hidima. Doka a takarda kuwa ba ta taɓa ceton yaro ba sai an yi aiki da ita. Ƙofar da aka kafa a birni, aka rubuta sanarwarta da Turanci, yaya uwar da ke ƙauyen Sumaila ko Garko za ta san da ita?

Saboda haka muna ƙarfafa 'yan'uwanmu Katolika su tambayi fadansu cikin ladabi: wa ake kai wa ƙara a dayosis ɗinmu, ina ofishinsa, mece ce lambarsa, akwai mace a cikin masu saurare? Wannan tambaya ba rashin biyayya ba ce, gama Paparoma da kansa ne ya ce jama'a su san ƙofar. Muna kuma roƙo a riƙa sanar da ita da Hausa daga bagade, a manna ta a kowace majami'a ta ƙauye.

Su wane ne raunana a cikinmu?

Dokar ba ta tsaya kan yara ba. Ta haɗa da babban mutum wanda rashin lafiya, ko naƙasar jiki ko ta hankali, ko rashin 'yancin kansa, ya rage masa ikon ganewa ko ikon ƙin abin da ake yi masa. Mu ɗaga ido mu duba bencinmu ranar Lahadi. Ga marayu. Ga 'yan mata da aka ɗauko daga ƙauye aikatau a gidajen masu bi. Ga yaran da iyayensu suka damƙa wa gidan fasto ko ɗakin kwanan ɗalibai domin su sami boko. Ga gwauraye mata da ke jiran buhun hatsi daga ikilisiya. Ga waɗanda rikicin Borno da Yobe ya koro ta wannan hanya tamu ta Maiduguri. Ga kurame da masu taɓin hankali da ake kawowa a yi musu addu'a. Ga ɗalibai baƙi da suka zo jami'a ko makarantar 'yan sanda, ba su da kowa a garin sai ikilisiya. Ga kuma sabon mai bi wanda danginsa suka juya masa baya, wanda ci da sha da wurin kwanansa duk suna hannun mutum ɗaya. Idan wannan mutum ɗaya ya zama kura, wurin wa zai kai kuka?

Tsoronmu na 'yan tsiraru

Mun san abin da ke cikin zuciyar dattawa, domin yana cikin tamu ma. Ba mu manta da Oktoba 1991 da Mayu 2004 a Kano ba. Ba mu manta da masu sujada da aka kashe a Jami'ar Bayero a watan Afrilu 2012 ba, ko bam ɗin da aka jefa a cocin Katolika na St. Charles a Sabon Gari a watan Yuli 2014. Mun ga yadda aka kwashe yaran gidan marayu na Du Merci a watan Disamba 2019, da irin wahalar da aka sha kafin kotu ta wanke mai gidan daga zargin satar yara a 2021. Wanda ya ga waɗannan, dole ya yi tunani sau biyu kafin ya kai maganar ikilisiya gaban hukuma. Sai a ce, kada mu tsaga bango ƙadangare ya shiga.

Amma wa ya tsaga bangon? Wanda ya yi aika-aikar ne, ba yarinyar da ta yi kuka ba. Kuma a gari irin namu magana ba ta ɓoyuwa. Abin da aka rufe ranar Lahadi, kafin kasuwar Juma'a ta watse ya zagaya. Maƙwabtanmu Musulmi za su ji ko mun so ko ba mu so ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wane labari za su ji: cewa Kiristoci sun kama mai laifi a cikinsu sun miƙa shi, ko cewa sun ɓoye shi sun kori yarinyar? Wanne ne a ciki zai fi zama makami a hannun mai ƙinmu?

Wasu sukan kawo 1 Korintiyawa 6, cewa kada mai bi ya kai ɗan'uwansa kotu. Manzo Bulus yana magana ne a kan ƙananan rigingimu na zaman yau da kullum. Shi ne kuma ya koya mana a Romawa 13 cewa Allah ya ba hukuma takobi domin hukunta mai mugunta. Fyaɗe ba rigimar gona ba ce da dattawa za su sasanta. Laifi ne a dokar ƙasa, kuma tun 2023 Jihar Kano tana da dokarta ta kare yara.

Wasu sukan ce a yafe. Gaskiya ne jinin Yesu ya isa ya wanke kowane mai tuba. Amma gafara ba ta hana hukunci, ba ta kuma nufin a mayar wa mutum mabuɗin ɗakin yara. Bai kamata a matsa wa wadda aka cuta ta ce ta yafe a gaban dattawa tun hawayenta bai bushe ba.

Wasu sukan ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan karin magana ba shi da wurin zama a nan. Yarinya 'yar shekara 12 ba ta da wani wari. Babba ne ya san abin da yake yi.

Wasu kuma sukan ji tsoron ƙazafi, tsoron kuwa yana da tushe, gama ana yi wa bayin Allah sharri. Maganinsa shi ne bincike na gaskiya a hannun waɗanda suka iya. Mutumin da aka bincika aka wanke ya fi samun kwanciyar rai a kan wanda aka binne maganarsa, mutane suna raɗa a bayansa har ya mutu.

Mu koma 2 Sama'ila 13 mu karanta a natse. Amnon ya ci zarafin Tamar. Wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru tun da maganar gida ce. Sarki Dauda ya ji, ya husata, amma bai yi kome ba. Tamar ta ƙare a kaɗaice, bayan shekara biyu aka zubar da jini, daga baya gidan sarki ya tsage. Mu tuna kuma da Eli, wanda Allah ya hukunta gidansa domin ya san abin da 'ya'yansa suke yi a wurin sujada bai hana su ba. Gargaɗin da Ubangijinmu ya yi a Matiyu 18:6 a kan mai sa ƙanana tuntuɓe yana cikin mafi zafin maganganunsa duka.

Abin da muke roƙon dattawa

Yawancin ikilisiyoyinmu ba su da lauyoyi ko ofisoshi irin na dayosis. Amma akwai abin da ko ikilisiya mai mutum 30 za ta iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba.

A zaɓi mutum biyu amintattu, ɗaya mace daga Zumuntar Mata, waɗanda ba dangin fasto ba ne, a sanar da sunansu a sujada cewa su ne masu karɓar irin wannan kuka. Idan yaro ya yi magana, a saurare shi ba tsawa, a rubuta abin da ya faɗa da rana da wata, kada a tara shi da wanda yake zargi a ɗaki ɗaya ana yi masa tambayoyi.

A fara da asibiti. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72, wato kwana uku, kuma shaidar likita tana ɓacewa idan aka daɗe. Akwai cibiyar Waraka a Kano, wadda aka kafa domin waɗanda aka yi wa fyaɗe. Daga Wudil tafiyar kimanin kilomita 40 ce. A ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota, kada talauci ya sa uwa ta zauna a gida har kwana ukun su wuce. Sa'an nan dattijo ya raka iyalin wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP, kada a bar su su tafi su kaɗai.

Wanda ake zargi ya sauka daga aiki har a gama bincike, ko wane ne shi. Kada a yi masa canjin wuri a ɓoye, gama wannan ne ainihin zunubin Boston. Kada a karɓi kuɗin toshiyar baki, kada a ɗaura wa yarinya aure da wanda ya cuce ta da sunan rufin asiri, kada a sa ta a horo tana zaune a bencin baya shi kuwa yana kan bagade. Sunanta ne za a rufe. Duk wanda ya yaɗa shi, shi ma a tsawata masa.

Rigakafi kuma ya fi magani. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko domin addu'a ko domin shawara. Kafin a ɗauki sabon malami ko mai bishara, a tuntuɓi ikilisiyar da ya baro. Muna kuma ba shugabannin ƙungiyar CAN na yankinmu shawara su zauna da firistoci da fastoci a yi yarjejeniya ɗaya, domin wanda aka kora daga wannan ɗarika saboda irin wannan laifi kada ya tsallaka titi ya zama shugaban matasa a waccan. 'Yan'uwanmu Katolika da suka sami horarwa a kan wannan aiki su koya wa sauranmu.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mafi yawan bayin Allah da ke hidima a cikinmu mutanen kirki ne, suna aiki cikin rashi da haɗari, kuma tsari irin wannan kariya ce gare su. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a cikin ajandar zamanta na gaba, ta fito da sunayen mutum biyun nan kafin watan ya ƙare.

Allah ya ba mu ƙarfin hali mu tsaya tare da marasa ƙarfi, ya warkar da waɗanda aka raunana a cikin gidansa, ya kuma tsarkake ikilisiyarsa. Amin.